Gari Mai Gada: Labarin Yahudawan Gailingen, Fataken Shanu na Bakin Iyaka

Iyayena da yayyena na rugage da mashekarai, da ku fatake da dillalai na kasuwannin bakin iyaka, tun daga Konni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, barkanmu da warhaka. Ga bayanin da muka gabatar a shirin tarihi na wannan mako. Mun buga shi ne domin wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji amma yana so ya sake bi a tsanake. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Yau za mu yi nisan kiwo. Za mu je wani ɗan ƙaramin gari a kudancin Jamus mai suna Gailingen. Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Amma da za a ɗauke ku a ajiye a can shekara ɗari da hamsin da suka wuce, ba za ku yi baƙunta sosai ba. Gari ne na bakin iyaka. Yana gaɓar kogin Rayin, a ɗaya gaɓar kuma ƙasar Suwizalan ce, da wani gari mai suna Diessenhofen. Gadar katako mai rufi ce ta haɗa su, tsawonta bai kai mita 100 ba. Akwai 'yan duwan, akwai fatake, akwai shanu. Kuma a wancan lokaci kusan rabin mutanen garin Yahudawa ne. Yau babu al'ummarsu a garin, sai maƙabarta da gidan tarihi. Yadda aka yi haka ta faru shi ne zancenmu.

Kafin in shiga, na san akwai mai cewa a ransa: to mu ina ruwanmu da Yahudawa, ga abin da muke ji kullum a labaran Falasɗinu? Ku yi mini haƙuri, ni yaro ne a gabanku, amma ga amsata. Mutanen da za mu yi zancensu an kwashe su daga gidajensu a 1940, shekara takwas kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Fatake ne, da 'yan koli, da mahauta, da tsofaffi da marasa lafiya. Abin da aka yi musu an yi shi ne da takarda, da kasuwa, da iyaka. Waɗannan abubuwa uku kuwa babu wanda ya fi ku saninsu.

Yadda suka zo

A Turai ta da, an daɗe ana korar Yahudawa daga manyan birane. A wurare da yawa ba a yarda su mallaki gona ba, ba a yarda su shiga ƙungiyoyin maƙera da masassaƙa da sauran masu sana'ar hannu ba. Abin da ya rage musu shi ne fatauci da ba da rance. Sai suka riƙa raɓawa a ƙauyuka, a ƙarƙashin ƙananan sarakuna waɗanda ke ba su takardar zama, su kuma su riƙa biyan kuɗin kariya duk shekara.

Daga 1618 zuwa 1648 an yi wani mummunan yaƙi a ƙasar Jamus, wanda ake kira Yaƙin Shekara Talatin. Ya cinye mutane, ya cinye dabbobi, ƙauyuka suka zama kufai. Masu mulkin Gailingen suna neman wanda zai farfaɗo da ciniki ya kuma biya haraji. A 1657 suka ba Yahudawa shida takardar zama da iyalansu. Kun ga ba don so aka karɓe su ba, don amfani ne. Har wani haraji ake karɓa a kan jikin Bayahude idan zai ƙetara daga wannan ƙasa zuwa waccan, kamar yadda ake karɓa a kan kan dabba. Sai farkon ƙarni na 19 aka soke shi a yankin.

Duk da haka suka zauna, suka samu filin maƙabarta a gefen tudu, suka hayayyafa. Kasancewar garin a bakin iyaka ya taimake su. A lokacin, a Suwizalan ba a yarda Bayahude ya kafa gida ba sai a ƙauyuka biyu, Endingen da Lengnau. Amma manoman can suna bukatar mai kawo musu saniya da yadi da kayan koli. To sai Bayahuden Gailingen ya ƙetare gada ya yi cinikinsa, gidansa kuwa yana wannan gaɓar.

Cinikin shanu

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin sana'arku ce. A ƙauyukan kudancin Jamus, cinikin shanu yawancinsa a hannun Yahudawa yake. Falke zai fita ranar Lahadi ko Litinin, a ƙafa, da sandarsa da doguwar rigar aiki. Zai bi gona gona, ya leƙa garke, ya duba haƙora, ya taɓa hantsa, ya san wadda ke da ciki da wadda ta tsufa. Ranar Juma'a kafin rana ta faɗi ya dawo gida, domin daga nan har daren Asabar ba ya ciniki, ba ya taɓa kuɗi, ba ya tafiya. Ba ya cin alade, ba ya cin naman da ba a yanka bisa ƙa'idar addininsa ba. Saboda haka a wurare da yawa yana da tukunyarsa a ajiye a masaukin da yake sauka, mai masauki Kirista ne, kuma ya san ba a taɓa ta.

Kowane falke yana da yankinsa, wanda ya gada daga ubansa, wani ba ya shiga masa. Suna kiran yankin da "medine", kalma ce daga Ibrananci, 'yar'uwar kalmar madina ta Larabci. A kowane ƙauye kuma yana da mai kawo masa labari, cewa wane yana so ya rabu da sa, wane kuma yana neman karsana. Idan ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. A kara suna da zaurancensu. Suna ƙirga kuɗi da haruffan Ibrananci, alef ɗaya, bet biyu, gimel uku, dalet huɗu. Almajiran cikinku sun riga sun gane, jerin abajada ne. Da zama ya yi zama, manoma da mahauta Kiristoci su ma suka iya zaurancen. Ciniki kuwa da tafa hannu ake ƙulla shi. An tafa, an sallama, magana ta ƙare.

Akwai kuma wata al'ada. Manomi talaka ba shi da kuɗin saniya. Sai falke ya kawo masa ya ajiye a wurinsa. Manomi ya ci da ita, ya sha nono, ya yi huɗa da ita, ya samu taki. Idan ta haihu ko an sayar, a raba bisa sharaɗin da aka yi. Iyayena Fulani za su tuna da haɓɓanaye, amma ba ɗaya ba ne. Haɓɓanaye zumunci ne, wannan kuwa kasuwanci ne, da lissafi da riba. Kuma falken nan shi ne bankin talaka. Shi ke ba da saniya bashi sai kaka, a lokacin da babu bankin da zai kalli ƙaramin manomi.

Ba zan ɓoye muku ba, inda akwai bashi akwai ƙorafi. Shekarar da damina ta ƙi, mai bin bashi ba ya farin jini ko wane ne shi. An yi rigingimu, an je gaban alƙali, akwai manoman da bashi ya raba su da dabbobinsu. A cikin fataken akwai mai gaskiya, akwai mai ha'inci, kamar kowace kara a duniya. Ku riƙe wannan, domin ta wannan tsagar ƙadangare ya shiga daga baya.

Shekarun wadata

A tsakiyar ƙarni na 19 Yahudawan Gailingen sun kusa 1,000. Har akwai shekarun da suka ɗara Kiristocin garin yawa. A 1836 suka buɗe babbar majami'arsu ta ibada. Suna da makaranta, suna da babban malaminsu wanda suke kira rabbi. A 1862 ƙasar Baden, wadda garin ke ƙarƙashinta, ta ba Yahudawa cikakken 'yanci daidai da kowa. A 1870 aka zaɓi Bayahude, Leopold Guggenheim, ya zama magajin gari, ya riƙe kujerar har 1884. A 1892 suka buɗe asibiti, a 1898 suka buɗe gidan kula da tsofaffi mai suna Friedrichsheim. Suna da wani biki mai suna Purim da ake yin jerin gwano a titi, mutane su zo kallo har daga ƙetaren gada.

Sai dai 'yancin da aka ba su shi ne kuma ya rage su. Da aka ce kowa ya zauna inda yake so, kuma Suwizalan ita ma ta buɗe musu ƙofa a 1866, sai samari suka riƙa tafiya birane irin su Konstanz da Zurich, wasu har Amurka. Abin da muke gani ke nan a garuruwanmu, yara su tafi Kano ko Yamai ko Legas, a bar tsofaffi. Da aka yi Yaƙin Duniya na Farko daga 1914 zuwa 1918, Yahudawan Jamus kimanin 100,000 suka sa kakin soja, kimanin 12,000 suka mutu a fagen daga. Suna ganin kansu Jamusawa ne kamar kowa. Zuwa 1933, Yahudawan da suka rage a Gailingen sun ɗan haura 300.

Sannu a hankali

Ranar 30 ga Janairu 1933 Hitila ya hau mulki. Ku lura da yadda abin ya zo, domin ba a fara da bindiga ba. An fara da baki. Jam'iyyarsa ta Nazi ta daɗe tana gaya wa manoma cewa talaucinsu laifin Bayahude ne, cewa falken da ke kawo musu saniya shi ke shan jininsu. Lokacin kuwa tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi, kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi.

Ranar 1 ga Afrilu 1933 aka yi shelar ƙaurace wa shagunan Yahudawa a duk faɗin ƙasa, aka tsayar da 'yan jam'iyya a ƙofofin shaguna. A cikin watan aka yi dokar da ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, wanda ke nufin an haramta yankan Yahudawa. Mahautan cikinku sun san abin da wannan ke nufi ga mai addini. A 1935 aka yi dokokin Nuremberg, aka cire su daga cikakkun 'yan ƙasa, aka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Garuruwa suka fara korar su daga kara, ko a ware musu wani lungu. Aka riƙa hana su lasisin cinikin dabbobi.

Ga wani abu da rahotannin 'yan sandan asiri na wancan lokaci suka riƙa kuka da shi: manoma da yawa sun ƙi rabuwa da fatakensu. Bayahude ya san saniya, yana biya nan take, yana ba da bashi. Sai manomi ya riƙa ciniki da shi da dare, ko ta bayan gida. Hukuma kuwa ta riƙa tona asirin masu yin haka, ana kiransu maciya amana, ana yi musu barazanar hana su tallafi. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Wasu kuma suka ga banza ta faɗi, suka ƙi biyan bashin da ake bin su, domin sun san Bayahude ba shi da inda zai kai ƙara a saurare shi. Mutumin da ubanka ya yi ciniki da ubansa, yau ka gan shi a hanya ka kau da kai.

Shekarar 1938

A watan Yulin 1938 ƙasashe 32 suka yi taro a Evian ta Faransa kan 'yan gudun hijirar Yahudawa. An yi jawabai masu daɗi, amma kusan kowace ƙasa ta ce ba ta da wuri. Suwizalan kuma ta matsa wa Jamus cewa tana son hanyar gane Bayahude tun daga bakin iyaka. Bayan tattaunawar gwamnatocin biyu, a watan Oktoba aka fara buga jan harafin J a fasfon kowane Bayahuden Jamus. Ku da kuke miƙa takarda a shinge kullum, ku auna wannan. Gadar da kakan mutum ya kora shanu a kanta, yau harafi ɗaya a takarda ya isa a ce masa koma.

Daren 9 ga Nuwamba zuwa wayewar garin 10 ga wata, aka far wa Yahudawa a duk Jamus. Aka ƙona majami'u, aka fasa shaguna, aka kashe mutane, aka kama maza kimanin 30,000. A Gailingen, dakarun SS daga barikin Radolfzell suka zo ranar 10 ga wata. Suka tara Yahudawan garin, suka ci mutuncinsu, suka sa nakiya suka tashi majami'ar da ta shekara ɗari da biyu a tsaye. Haka suka yi a Randegg da Wangen da Konstanz, duk a yankin. Aka kai maza sansanin Dachau. Malamin garin, Rabbi Mordechai Bohrer, a can ya rasu kafin shekarar ta fita.

Bayan haka sai gwamnati ta ce Yahudawa ne za su biya ɓarnar, ta ci su tarar Mark biliyan 1. Daga 1 ga Janairu 1939 aka hana su kowane irin kasuwanci, aka kuma tilasta wa namiji ya ƙara Isra'ila a sunansa, mace ta ƙara Sara. Mai ƙarfi da mai dangi a waje ya fita, bayan an tatse dukiyarsa da haraji. Wa ya rage? Tsoho, da gajiyayye, da talaka, da wanda ya ce ba zai bar iyayensa ba.

Talata, 22 ga Oktoba 1940

Yaƙin Hitila ya ɓarke a watan Satumba 1939. Zuwa Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa. Sai gwamnonin Nazi biyu, Robert Wagner na Baden da Josef Bürckel na yankin maƙwabta, suka shirya kwashe Yahudawan yankunansu gaba ɗaya. Da safiyar Talata 22 ga Oktoba, ana cikin wani bikin addininsu da ake kira Bikin Bukkoki, 'yan sanda suka buga ƙofofi. Aka ce kowa ya haɗa kaya, kada ya wuce kilo 50, kuɗi kada ya wuce Mark 100. Wasu an ba su awa biyu, wasu ko rabin awa ba su samu ba. A Gailingen aka kwashi kusan mutum 200, har da tsofaffin gidan Friedrichsheim. Aka zuba su a manyan motoci da rana tsaka, gari na kallo. Ga Suwizalan can a ƙetaren ruwa, ido na ganin rufin gidajenta.

A wannan kamen an kwashi mutum sama da 6,500. Jiragen ƙasa tara suka ɗauke su, suka yi kwanaki a hanya, aka juye su a kudancin Faransa. Gwamnatin Faransa ta lokacin, wadda ake kira gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain, ta yi ƙorafi cewa Jamus ta kwashe abinta. Jamus ta yi kunnen uwar shegu. Sai aka kai su wani sansani mai suna Gurs, kusa da iyakar Sipaniya, wanda aka gina a 1939 domin 'yan gudun hijirar yaƙin basasar Sipaniya. Rumfunan katako ne a cikin taɓo, ga sanyi, ga yunwa, ga gudawa. An raba maza da mata. Tsofaffi suka riƙa mutuwa, ɗaruruwa a hunturun farko kaɗai.

A nan labarin ya taɓo mu. Gwamnatin Vichy ɗin nan da ke riƙe da Gurs, ita ce ke mulkin Nijar a lokacin. Daga 1940 har Nuwamba 1942, Yamai da Damagaram da Maraɗi suna karɓar umurni daga gwamna Boisson na Dakar, wanda ke biyayya ga Pétain. Najeriya kuwa tana hannun Ingila, abokiyar gabar Hitila. Cadi a ƙarƙashin Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle tun Agustan 1940. Shi ya sa iyakar nan tamu ta yi tsami a shekarun nan, aka tsananta tsaro, fatauci ya sha wuya. Wanda ke da dattijo mai dogon kwana a gida, ya tambaye shi abin da ya ji daga iyayensa.

A garuruwan Baden kuwa, bayan motoci sun tafi sai aka rufe gidaje, aka sa hatimi. Bayan 'yan makonni aka fara gwanjon kayansu: gado, tukwane, keken ɗinki, tufafi. Akwai hotunan da aka ɗauka a garin Lörrach, shi ma na bakin iyaka ne, har yau suna nan. Mutane cike da titi suna jiran a buɗe gwanjo. Babu wanda zai ce bai san kayan wa yake taya ba.

Wasu daga cikin na Gurs sun tsira. Akwai waɗanda suka samu takardar fita zuwa Amurka, akwai yaran da ƙungiyoyin agaji suka fitar suka ɓoye a gidajen Faransawa. Amma daga Agustan 1942 aka fara kwashe sauran zuwa sansanin Drancy kusa da Paris, daga nan a taragun dabbobi zuwa Auschwitz a ƙasar Polan, inda aka kashe yawancinsu da iskar guba. Jikokin fataken shanu, a taragun shanu aka kai su. A cikin wannan wata na Agusta Suwizalan ta ba da umurnin a mayar da duk wanda ya gudo saboda jinsinsa kawai. Ta karɓi dubban Yahudawa a tsawon yaƙin, ta kuma mayar da dubbai. Jimillar Yahudawan da aka kashe a Turai ta kai kimanin miliyan 6.

Masu sanin hanya

Ba kowa ne ya kau da kai ba. A Gottmadingen, wani gari kusa da Gailingen, akwai wani ma'aikaci mai suna Josef Höfler. Ba mai kuɗi ba ne, ba mai muƙami ba ne. Abin da yake da shi shi ne sanin daji, ya san inda iyaka ta lanƙwasa, ya san inda masu gadi ke bi. Wata mata a Berlin mai suna Luise Meier ita ke haɗa shi da Yahudawan da ke ɓoye a birnin. Su biyo jirgin ƙasa zuwa Singen, shi kuma da matarsa Elise da wasu abokai su raka su har bakin iyaka. Daga 1943 zuwa 1944 sun ƙetarar da mutum 28. A watan Mayun 1944 asiri ya tonu, aka kama shi da Luise Meier, aka tsare su har ƙarshen yaƙi. Allah ya yi da sauran kwanansu. Mutum 28 a cikin miliyoyi kamar ɗigon ruwa ne, amma kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne.

Yau idan ka je Gailingen za ka ga gadar tana nan, mutane na wucewa da mota da keke. Inda majami'a take an mai da shi filin tunawa. Tsohon ginin makarantar Yahudawa ya zama gidan tarihi. Maƙabarta tana nan a gefen tudu da ɗaruruwan duwatsu masu rubutun Ibrananci. Daga 1657 zuwa 1940 shekara 283 ke nan. Abin da aka gina a tsawon wannan lokaci, ƙasa da shekara takwas ya ɗauka a rushe shi.

Abin da ya rage mana

Jama'a, ban kawo wannan labari don in ce halinmu ɗaya da nasu ba. Ba ɗaya ba ne. Abin da aka yi musu gwamnati ce ta tsara shi da niyyar ƙarar da al'umma gaba ɗaya, Allah ya kiyashe mu da ganin irinsa. Amma farkonsa fa, mun san kamanninsa. Farkonsa shi ne ranar da aka daina cewa wane ya cuce ni, aka koma cewa su wane macuta ne. Mukan ce wake ɗaya ke ɓata gari. Wannan magana a kan wake daidai take, amma mutum ba wake ba ne. A yankin nan namu mun ji ana cewa duk Bafulatani ɗan bindiga ne, mun ji an hana wani shiga kasuwa ko an tare shi a hanya saboda kamanninsa da harshensa. Mun ji a wata ruga ana cewa duk Bahaushe ɗan sa-kai ne. Mun ji ana cewa duk falken iyaka ɗan fasa-ƙwauri ne. Mai laifi yana da suna, yana da uba. A kira shi da sunansa, a kai shi gaban hukuma, a bar ƙabilarsa.

Kuma kun ga wa aka fi bukata a labarin nan. Hitila yana Berlin, bai san falken Gailingen ba. Wanda ya san shi shi ne manomin da ya sha nonon saniyarsa, da mai masaukin da ke ajiye masa tukunya. Su ne za su iya cewa mun san mutumin nan, shekara talatin muna tafa hannu da shi. Kaɗan ne suka faɗa, kuma da suka yi shiru sai abin ya yi sauƙi. To, kai dillali da ke saukar da makiyayi a gidanka, kai Arɗo da ka san manomin da ke ba ka kara bayan girbi, shaidarku tana da nauyi ranar da aka taso wa abokin hulɗarku da ƙazafi. Kuma wanda ake bi bashi, kada rigimar gari ta zame masa hanyar cinye haƙƙin wani.

Na ƙarshe, maganar takarda da iyaka. Mun ga rufewar 2019, mun ga ta 2023, mun san yadda hanyar da aka saba bi tun kaka da kakanni kan toshe a dare ɗaya. Ina roƙonku, ku yi wa kanku da matanku da 'ya'yanku takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun ana zaman lafiya. Takarda ba ta ceci mutanen Gailingen ba, domin hukumar da ta ba su ita ce ta juya musu baya. Amma a rayuwarmu ta yau da kullum, marar takarda shi ake fara takawa a shinge.

Idan a garinku akwai wata al'umma da ta taɓa zama tare da ku, yau babu ita sai sunan unguwa ko rijiya ko kushewa, ku aiko mana da labarinta ta hannun wakilanmu na kasuwanni. Za mu so mu ji su wa ne, me suke yi, me ya tashe su.

Inda na yi kuskure, iyayena ku gyara mini. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci garke da kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.